Wa ya fi kowa nauyin hannu a tarihin dambe?

Daga tashar motar Konni har zuwa majalisun shayi na Malbaza da Illela, akwai wata gardama da ba ta tsufa: a cikin ƴan damben duniya wa ya fi kowa nauyin hannu? Dattawa su ce Shago, matasa su ce Mike Tyson, wasu kuma su kawo George Foreman. Kowa da gwaninsa, sai dai ba kowa ke faɗin mudun da ya yi awo da shi ba.

Mudun farko shi ne lissafi. A damben Turawa ana rubuta kowane wasa. Foreman ya ci wasa 76, a cikinsu 68 ya gama da abokin karawarsa kafin cikar lokaci. Tyson ya ci 50, ya gama 44 ta wannan hanya. A shekarar 2003 mujallar The Ring ta Amurka ta jera mutum 100 masu nauyin hannu, ta sa Joe Louis a gaba, Foreman na 9, Earnie Shavers na 10, Tyson kuwa bai shiga goman farko ba. Amma lissafi yana da ruɗi, domin kayar da rago 20 bai kai kayar da gwani guda ba.

Mudu na biyu shi ne shaidar waɗanda suka sha bugun, tunda Hausawa sun ce jiki magayi. Muhammad Ali ya kara da Shavers a 1977, Larry Holmes ya kara da shi sau 2, kuma dukansu sun bayyana cewa ba su taɓa jin hannu irin nasa ba. Ali fa ya ɗanɗana hannun Sonny Liston da Joe Frazier da Foreman, saboda haka maganarsa ba ta ɗan kallo ba ce.

To, a nan ne dambenmu na gargajiya ya sha bamban da nasu. A wurinmu, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Su kuwa sai alƙali ya ƙirga har 10. A 1979, a Las Vegas, Shavers ya shimfiɗe Holmes a turmi na 7, amma Holmes ya miƙe ya ci wasan a turmi na 11. Da a filin damben Konni ne, da tuni makaɗa sun ɗauki kirarin Shavers. Haka Deontay Wilder ya kayar da Tyson Fury sau 2 a 2018, aka tashi kunnen doki. Shavers har ya rasu a 2022 bai taɓa riƙe kambun duniya ba. Foreman ma da duk ƙarfinsa, Ali ya gajiyar da shi ya kayar da shi a turmi na 8 a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974. Ke nan nauyin hannu daban, sarauta daban.

Idan shaidar jiki ce za a bi, Shavers ya cancanci kujerar gaba a damben Turawa. To namu fa? Shago da Ɗandunawa sun yi zamaninsu da hannu guda ɗaure da kara, ba safar hannu, ba magatakarda mai rubuta kisa. Abin da ya tsare sunan Shago shi ne kiɗan Ɗan Anace da bakin waɗanda suka gani da idonsu. Makaɗi kuwa gwaninsa yake yabo, ba alƙalanci yake yi ba. Shi ya sa gwada Shago da Tyson ke da wuya: ɗaya yana da takarda, ɗaya yana da kalangu.

Abin takaici, shaidun suna ƙarewa. Ko Issaka Daboré, wanda ya kawo wa Nijar lambarta ta farko a wasannin Olamfik, ta tagulla, a Munich a 1972, ya rasu a 2021, kuma matasa da yawa ba su san sunansa ba. A garuruwan Konni da Adar har yanzu akwai tsofaffin rundawa da suka ɗaura kara lokacin kaka, suka san hannun wa ya fi zafi. Ya kamata gidajen rediyonmu su kai musu na'ura su naɗi bayaninsu tun suna da rai. In ba haka ba, jikokinmu za su yi wannan gardama ba sunan Bahaushe ko guda a cikinta.