Mai Ciki Wadda Ta Sha Wuya A Haihuwar Baya

Maganarmu ta yau ta shafi matar da ta sha wuya a haihuwarta ta baya, ga shi kuwa ta sake samun ciki. Tun ciki bai tsufa ba ya kamata ita da maigidanta su san inda za ta haihu. Kada a bari sai naƙuda ta taso.

Da farko ga wadda aka yi wa fiɗa aka ciro ɗa. Waɗansu suna cewa wai in an yanka mace sau ɗaya, to, kullum sai yanka. Ba haka ba ne. In sau ɗaya ne, kuma a kwance aka yi yankan a ƙasan mahaifa, kamar mata 3 cikin 4 waɗanda suka gwada sukan haihu da kansu, su kuma fi saurin samun ƙarfi. Amma fa akwai haɗari. Kamar mace 1 cikin 200 tabon mahaifarta yakan tsage lokacin naƙuda. In wannan ya auku a gida nan Nasarawa Burkullu, kafin a sami mota zuwa Gummi ko Anka jini ya tsiyaye. Saboda haka ba a yin gwajin nan sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jinin ƙari.

In fiɗar ta kai biyu, ko ɗa ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare masa hanya, likita zai sa ranar fiɗa. Haka kuma wadda doguwar naƙuda ta jawo wa yoyon fitsari har aka yi mata gyara a Gusau, ko Sakkwato, ko Babbar Ruga ta Katsina. In ta yi naƙuda ɗinkin yana iya warwarewa.

Wadda ta zubar da jini da yawa, ko ta yi jijjiga, ita ma sai asibiti, gama abin yakan komo.

To, ga abin yi. Ta riƙa zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. Ta tafi da katin aikin da aka yi mata, domin tabon da ke bisa fata ba ya nuna irin yankan da ke ciki. Kada ta sha jiƙon saurin naƙuda, kada a yi mata yankan gishiri.

Ku kuwa magidanta, ku ajiye kuɗin mota tun da wuri, ku shirya 'yan'uwan da za su ba da jini. Da watanta ya kama, ku kai ta wurin dangi kusa da babban asibiti, musamman da damina, tun da yake tafiyar dare ba ta da daɗi.

Allah ya sauke su lafiya, amin.