Jami'ar da Ta Fitar da Zakarun Gudu Mata

A birnin Nashville na Amurka akwai Jami'ar Jihar Tennessee, wadda aka kafa domin baƙar fata a zamanin wariya. Daga 1950 zuwa 1994 Ed Temple ne ke horar da 'yan matanta gudu. Ɗalibansa 40 suka je wasannin Olamfik, suka kwaso lambobin yabo 23. Wilma Rudolph, wadda shan inna ya kama tana ƙarama, ta ci zinariya 3 a Roma a 1960. Wyomia Tyus kuwa ta lashe tseren mita 100 a 1964 da 1968.

Dokar Temple ita ce karatu kafin gudu, kuma kusan dukansu sun sami digiri. Mu iyaye, in 'yarmu gwanar gudu ce, kada mu hana ta fili, kada kuma mu cire ta daga aji.