Ciwon waswasi: Haɗarin gwama ƙwayoyin amino asid da maganin asibiti

Akwai mutumin da zai shafe minti arba'in a kan alwala ɗaya, yana idarwa ya sake daga farko saboda zuciyarsa ta ce bai wanke gwiwar hannu ba. Akwai matar da za ta tashi sau goma cikin dare ta duba ko ta kulle ƙofa. Dukansu sun san abin ya wuce kima, amma sun kasa bari. Wannan shi ne matsanancin waswasi, wanda likitoci ke kira OCD, kuma ana ƙiyasin yana kama kusan mutum biyu cikin ɗari a wani lokaci na rayuwarsu.

Maganinsa na asibiti ba ya sauri. Ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine kan ɗauki mako takwas zuwa 12 kafin a ga sauƙi na a-zo-a-gani, wasu ma sauƙin ba ya kai yadda suke so. A wannan zaman jira ne da yawa ke faɗawa kan tallar kwalaben amino asid a Facebook da TikTok, waɗanda ake cewa "ba magani ba ne, abinci ne".

Maganar na da ƙamshin gaskiya. Amino asid su ne tubalan da jiki ke gina furotin da su, kuma suna cikin nama da kifi da ƙwai da madara da wake. Sai dai abin da mutum ya ci a cikin ƙosai daban, wanda aka tace aka dunƙule a ƙwaya daban.

Inda haɗarin ya fi girma

Biyu daga cikinsu ne suka fi tayar wa likitoci hankali: wanda ake rubuta wa L-tryptophan a jikin kwalba, da ɗan'uwansa 5-HTP. Jiki na sarrafa su ne su zama sinadarin serotonin. Su kuma magungunan waswasi aikinsu shi ne su sa serotonin ɗin ya daɗe yana aiki tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan aka haɗa, ɗaya na ƙara ruwa, ɗaya ya toshe magudana.

Sakamakon na iya zama gubar serotonin, wadda kan bayyana cikin sa'o'i kaɗan: rawar jiki, gumi, gudawa, bugun zuciya da sauri, fizgar tsoka, ruɗewa da zazzaɓi mai zafi. Idan ta yi tsanani tana kisa. Masu waswasi sun fi shiga haɗarin, domin yawan ƙwayar da ake ba su yakan zarce wanda ake bai wa masu ciwon damuwa. Kuma a inda aka saba ɗaukar duk wani zazzaɓi da makyarkyata a matsayin maleriya, abu ne mai sauƙi a ɓata lokaci ana maganin abin da ba shi ba. Tiramadol ma na ƙara serotonin, don haka wanda ya haɗa ukun ya ƙara wa wuta fetur.

Abin mamaki, shi 5-HTP daga 'ya'yan wata shuka mai suna Griffonia ake tatsar sa, wadda ke fitowa a dazukan Ghana da Togo da Kwaddibuwa. Fitowarsa daga tsiro bai sa ya daina aiki kamar magani ba.

Abin da ya faru a Amurka a 1989

Akwai kuma batun tsabtar abin da ke cikin kwalbar. A ƙarshen 1989 likitoci a jihar New Mexico suka lura da wasu marasa lafiya masu tsananin ciwon tsoka da hauhawar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Dukansu suna shan tiriftofan. Kafin abin ya lafa, an ƙirga mutum fiye da 1,500 da suka kamu, sama da 30 suka mutu. Bincike ya gano kusan dukansu sun sha wanda kamfanin Showa Denko na Japan ya sarrafa, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi daga kasuwa.

Duk da haka, dokar da Amurka ta yi a 1994 ba ta wajabta wa masu irin waɗannan kayayyaki su tabbatar wa hukuma cewa suna aiki kafin su sayar ba. Ganin "an yi a Amurka" a jikin kwalba ba shaida ba ce ta cewa wani ya gwada ta a kan mai waswasi.

NAC fa?

Shi ne wanda masana suka fi ɗauka da muhimmanci. Tsohon magani ne da asibitoci ke ceto wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima da shi, kuma yana taɓa sinadarin gulutamet ne a ƙwaƙwalwa, ba serotonin ba, don haka ba a san shi da waccan guba ba.

Amma ko yana maganin waswasi? Wani ƙaramin gwaji a Iran a 2012 ya nuna alamar amfani idan aka ɗora shi a kan maganin asibiti. Wanda aka yi a Brazil a 2017, inda aka ba da giram uku a rana tsawon mako 16, bai ga bambancin kirki tsakaninsa da ƙwayar da babu komai a cikinta ba. Haka ma wani mafi girma da aka yi a Ostireliya a 2022. A taƙaice, illarsa kaɗan ce, amma hujjar amfaninsa ma ba ta da ƙarfi. Yana iya jawo tashin zuciya da ƙwannafi da gudawa, kuma masu asma da masu shan nitroglycerin saboda ciwon zuciya sai da izinin likita.

Illar da ba a cika ambata ba ita ce ta wanda ya ajiye maganinsa don ya koma kan kwalbar kanti. Yanke waɗannan magunguna farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci da saurin fushi, sannan waswasin ya dawo. A gefe guda kuma, akwai hanyar da aka tabbatar tana aiki ba tare da ƙwaya ba, inda ƙwararre ke koya wa mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da waswasi a hankali, ya kuma daure kada ya maimaita aikin.

Wanda ya riga ya fara haɗa tiriftofan ko 5-HTP da maganinsa, ya dakatar da na kantin, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitan da ke duba shi ko mai harhaɗa magunguna, su karanta abin da ke jikinta, domin wasu gaurayen "maganin barci" da "maganin damuwa" na ɗauke da 5-HTP a cikin ƙananan rubutu. Idan kuwa rawar jiki da gumi da ruɗewa suka fara, asibiti za a nufa nan take, a kuma faɗa wa ma'aikatan duk abin da aka sha a ranar.