Daga St. John's Zuwa Kwalejin Rimi: Tarihin Wata Makarantar Katolika a Kaduna

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda aka kafa Kwalejin St. John's a Kaduna, da kuma yadda ta fita daga hannun 'yan mishan. A ganinmu, ba za a fahimci tarihinta ba sai an fara tambayar dalilin da ya sa aka kafa ta a Kaduna, ba a birnin Zariya ko Katsina ba.

Kamar yadda aka sani, bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa hana 'yan mishan yin aiki a cikin biranen Musulmi. Limaman Katolika na ƙungiyar S.M.A. sai suka fara zama a Shandam a 1907, daga nan suka riƙa bin ƙasashen da ba na Musulmi ba da kuma tashoshin jirgin ƙasa. Kaduna kuwa sabon gari ce wadda Turawa suka mayar hedkwatar Arewa a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da fadar sarki, ga ta cike da akawuna da ma'aikatan reluwe da sojoji, da yawansu 'yan Kudu ne mabiya Katolika. 'Ya'yan waɗannan mutane suna gama firamare, amma babu inda za su ci gaba, domin kwalejin gwamnati, watau wadda aka sani yanzu da Barewa, yawanci daga makarantun midil na larduna take ɗaukar ɗalibanta. A 1949, shekarar da wannan kwaleji ta tashi daga Kaduna ta koma Zariya, a ita ce aka buɗe St. John's, kuma yawancin limaman da suka riƙe ta mutanen Ailan ne.

Ɗalibanta sun haɗa da 'ya'yan baƙi da kuma yaran Kudancin Zariya. Misali biyu sun isa. Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci juyin mulkin Janairun 1966 a Kaduna har aka kashe Sardauna, a nan ya yi karatu. Haka kuma Patrick Yakowa, wanda ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 2010.

Bayan yaƙin basasa iska ta juya. Jihar Gabas ta Tsakiya ce ta fara karɓe makarantun mishan a 1970. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari, ta bi sahu. Aka sauya wa St. John's suna zuwa Kwalejin Rimi, makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles da ke Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta 'yan Angilika a Wusasa kuma ta zama Kwalejin Kufena. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin jama'a ne ke tallafa wa makarantun, don haka bai kamata addini ya zama shinge ga ɗan kowa ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma lalle ta buɗe wa 'ya'yan Musulmi ƙofa. Sai dai mu a namu ra'ayin, gwamnati ta karɓi gine-gine da filaye, amma ba ta yi tanadin abin da zai maye gurbin malamin da ke kwana cikin makaranta tare da ɗalibansa ba. Har yau Cocin Katolika bai daina neman a mayar masa da makarantunsa ba.