Jiyadiya: ƙwayar cutar hanji da ke bin ruwan sha da hannu

Iyaye da yawa a sansani suna kai yara asibiti da ƙorafi iri ɗaya: gudawa mai wari da maiƙo, kumburin ciki, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga yaro yana ta ramewa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo wannan ita ce ƙwayar da likitoci ke kira Jiyadiya. Ba tsutsar ciki ba ce, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara ganinta a shekarar 1681.

Ƙwayar tana zama a ƙaramin hanji. Idan za ta fita cikin kashi, sai ta rufe kanta da ɓawo mai tauri, wanda ke ba ta damar yin makonni a raye cikin ruwa ko ƙasa mai laima. Haɗiye kamar guda 10 kawai ya isa ya kwantar da mutum, kuma alamun kan bayyana bayan mako 1 zuwa 2.

Masana da suka binciki ƙwayoyin gadonta sun gano cewa dangi takwas ce, sun sa musu haruffa daga A zuwa H. Dangin C da D sun fi kama karnuka, E shanu da tumaki da awaki, F kyanwa, G ɓeraye. Waɗanda suka fi kama ɗan Adam su ne A da B. Ana samun su a jikin dabbobi ma, amma galibi daga kashin mutum suke isa bakin wani mutum.

Ke nan korar akuya daga tsakar gida kaɗai ba za ta raba mu da cutar ba. Haka kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita ba tare da wani ciwo ba, tsohon zama ko sabon zuwa. Don haka ba daidai ba ne a nuna wa baƙin da suka iso jiya yatsa, ko a hana su layin famfo.

Haɗarin ya fi yawa ga ƙananan yara, musamman masu rarrafe, da gidajen da mutane suka yi cunkoso, da masu ɗiban ruwan tafki ko kududdufi lokacin damina, da unguwar da ake bahaya a fili. Jarka marar murfi da moɗar da kowa ke tsomawa a randa suna iya ɓata ruwan da aka ɗebo da tsabta.

Ga abin da za a yi. A sha ruwan famfon sansani. In dole ta sa aka ɗebo na waje, a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa, domin ɓawon ƙwayar ba ya saurin mutuwa da kulorin. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga masai, da bayan wanke wa yaro, da kafin girki ko cin abinci. Kashin jariri ma a zuba shi a masai. Macen da tsoro ko rashin fitila ke hana ta zuwa masai da dare, ta sanar da ofishin kare hakkin 'yan gudun hijira.

Cutar tana da magani, irin su metronidazole da aka fi sani da Flagyl, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadi da kwanaki, kuma a shanye shi duka. Kafin a isa asibiti, a ba yaro ruwan gishiri da sukari na ORS, uwa ta ci gaba da shayarwa. Idan aka ga jini a kashi, ko zawo kamar ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, kada a jira gari ya waye.