Daurama a wasan kwamfuta: Rigimar gadon sarauta da ta yi kama da tarihin Katsina

A ranar 1 ga Satumbar 2020 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan Crusader Kings III, wanda ake bugawa a kwamfuta da na'urorin PlayStation da Xbox. Ba a yi shi don wayar salula ba.

Abin da zai ja hankalin Bakatsine shi ne, cikin sarakunan da wasan ya ware domin mutum ya fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura, tare da mijinta Bayajidda.

A wasan, mutum gidan sarauta yake riƙewa. Idan sarkinsa ya mutu, sai ya ci gaba da magajin. Idan kuwa babu magaji daga zuriyar, wasa ya ƙare. Saboda haka aure da haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya sun fi yawan dakaru muhimmanci.

Matsalar tana fitowa ne ranar rabon gado. A farkon wasan ƙasa rabuwa take yi tsakanin 'ya'ya, kamar gona. Mai wasa zai shafe sa'o'i yana cin garuruwa, sarki na mutuwa ya ga ƙannen magaji sun tafi da rabonsu, kowanne kuma yana da hujjar neman kujerar yayansa. Ana gadon irin wannan hujja daga uwa ko uba, kuma malamin fada yana iya ƙirƙiro ta ƙarya domin a samu dalilin yaƙi.

Wanda ya san labarin Daura ba zai yi mamaki ba. Kamar yadda ake ba da shi, ƙwarƙwarar Bayajidda ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari, sai Daurama ta haifi nata ta kira shi Bawo, wato a bayar da garin. Tun daga sunayen yaran ake jayayyar gado.

Sai dai rabon ƙasa ga 'ya'ya bai dace da yadda sarautar Katsina take ba. A nan masarauta guda ce, kuma babban ɗa ba shi da tabbacin hawa. Masu zaɓen sarki, wato Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, su ke duba 'ya'yan sarauta, yanzu kuma gwamna ne ke amincewa da wanda aka zaɓa.

Ta fuskar ƙwace mulki kuwa, tarihin Katsina ya fi wasan zafi. Ana cewa Korau ya kayar da Sanau a kokawa, ya kashe shi, ya kawo ƙarshen mulkin Durɓawa. Takobin Gajere da ake dangantawa da shi har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. A lokacin jihadi, wajen 1807, Ummarun Dallaje ya karɓi gari, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, inda har gobe sarkinsu ke amsa sunan Sarkin Katsina. A harshen wasan, wannan ita ce hujjar da ba ta mutuwa, ana gadonta daga kaka zuwa jika.

A 1906 Turawan Ingila suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka naɗa Durɓin Katsina Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Babu gadon jini a nan, ƙarfin mai mulki ne ya yanke hukunci. Daga shi sarauta ta tsaya a gida ɗaya: Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008.

Akwai inda wasan zai iya ruɗa yaro. Ya ɗauki labarin baka ya ba shi shekara takamaimai, ya sa Daurama cikin masu addinin Bori, har ya tanadi lambar yabo ga wanda ya fara da ita ya yaɗa addinin gargajiya a duk Afirka. Wanda bai taɓa zuwa rijiyar Kusugu ba, bai kuma karanta tarihin a makaranta ba, zai iya ɗauka haka abin ya faru.