Gauraya Irin Shinkafa da Magani Kafin Shuka

A fadamun Kebbi da Kura, shinkafa ta fi rauni a makonnin farko bayan tsiro, lokacin da gara ke cin saiwa tun manomi bai ankara ba. Shi ya sa gauraya iri da magani irin Apron Star ya fi feshi amfani: tsiron na zuƙe sinadarin thiamethoxam daga ɗan garin da bai cika tafin hannu ba. Masu suka na da hujja, domin Tarayyar Turai ta hana amfani da sinadarin a gonaki a 2018 saboda ƙudan zuma. Sai dai zuma ba ta cika bin furen shinkafa ba. Haɗarin da ya fi damuna yana gida, inda ragowar irin kan shiga tukunya idan rumbu ya ƙare, ko kaji su tsattsage shi.